Auta, kafin ka taka totur ɗin nan ka saurari Baffanka

Salamu alaikum Auta. Saƙonka ya shigo tun daren Talata, sau uku na karanta shi. Na farko dariya na yi har Hajiya ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ko lafiya, na biyu dariyar ta ragu, na uku kuwa sai na kife wayar na kasa barci. Wai daren Juma'a za ka bi abokanka filin tseren motoci da ke bayan garinku a Teksas, ka saka Honda Accord ɗin da kake zuwa makaranta da ita, kana so in gaya maka abin da ya kamata sabon shiga ya sani tunda ka ji labarin na taɓa yi. Sai can ƙasa ka liƙa ainihin abin da ke cin ka, wai "Baffa a al'adarmu dole sai na gaya wa Abba? A zamaninku in yaro zai yi sukuwar farko sai ya nemi izini?" Toh Auta, ai ka san wanda za ka tambaya, ka tsallake uban naka ka zo wajen wansa da ka san yana da tabo a wannan harka.

Sukuwa ka ce. Mu a zamaninmu ba yaro ne ke neman izinin sukuwa ba, ai ba ta kai ga nan ba ma, dokin ba naka ba ne, sirdin ba naka ba ne, kai kanka ba naka ba ne. Sai ranar da shamakin kakanku ya ga dama ya je ya ce wa Alhaji yaron nan ya isa, sannan a kira ka. Ni shekara biyu na yi ina kwashe kashin doki a barga ina yankan ciyawa ina fita kilisa da yamma, kuma ko sau ɗaya bai bar ni na sake wa doki linzami ba. Abin da yake sa ni kullum shi ne zamiya, in taho da ɗan sassarfa in ja in tsaya daidai inda ya ja layi da ƙafarsa, in na wuce da taku ɗaya mu koma. Yakan ce, ko jaki aka zaburar zai yi gudu, a wajen tsayawa ake gane ɗan gidan dawaki. Sallar 1970 aka bar ni na bi tawagar hakimi Hawan Daushe, ina shekara 14, zamanin Sarki Ado Bayero yana da ƙuruciyarsa, kuma jajibirin ranar tsohon nan da ƙafa ya kai ni Ƙofar Kudu ya sa na taka filin tun daga inda ake tasowa har inda ake zamewa a yi jahi, yana nuna min inda ƙasa ta yi tauri da inda take da rairayi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shi wannan wasa da kake son shiga ba haukan banza ba ne kamar yadda Abbanka zai ɗauka, gaskiya sai an faɗe ta. Asalinsa samarin Kalifoniya ne bayan yaƙin duniya na biyu suke tsere a kan titi cikin dare suna kashe kansu suna kashe bayin Allah, sai wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren mota da ake kira NHRA a 1951 don a kwashe su daga titi a kai su fili mai shinge da doka da motar asibiti a tsaye. Kwatan mil ne tsawon tseren, ƙafa 1,320, wajen mita 402, wasu filayen rabin haka ne. Don haka da ka ce min fili za ka ba titi ba sai na ɗan samu sauƙi a raina, domin abin da yaranmu suke yi yanzu a nan Kano ranar ɗaurin aure ko cikin dare a manyan tituna, a ɗauko motar uba a riƙa juyi da ita taya na hayaƙi yara ƙanana sun kewaye suna ihu ana ɗauka a waya, wallahi in na gani cikina juyawa yake. Babu babba ko ɗaya a wurin. Mu ko tseren keke muka haɗa sai wani dattijo ya fito ya tsaya.

A 1978 na tafi Ohayo, cikin yaran da gwamnatin soja ta Obasanjo ta tura Amurka koyon aikin fasaha, ni aka ba ni kanikancin mota. Malaminmu na inji wani Bature ne dattijo mai guntun yatsa ɗaya, ba ya yawan magana, daga baya muka ji cewa da ƙuruciyarsa ya yi tseren titi kuma a gabansa amininsa ya mutu, shi ya sa duk ɗalibin da ya ji yana cika baki a kan gudu sai ya ce masa ranar Laraba ka zo da motarka. Ni na tara kuɗin alawus na sayi wata tsohuwar Chevrolet Nova ƙirar 1972 mai silinda shida, ruwan ƙasa, kuma lokacin doka a Amurka gaba ɗaya ba a wuce mil 55 a awa, ga wahalar mai ta 1979 ana layi a gidajen mai, amma jinin ƙuruciya bai san da wannan ba. Wata Laraba cikin Satumba mu huɗu muka bi shi.

Tun a ƙofa aka fara koya min hankali. Kafin a bar ka ka shiga layi akwai mai duba mota, ya buɗe bonet ɗina ya kama batir ya girgiza, ashe da igiya na ɗaure shi, bai ce komai ba ya rufe ya nuna min hanyar waje. Na juya wajen malam ina tsammanin zai sa baki tunda sun san juna, sai ya miƙo min sifana da wani ƙarfe daga but ɗin motarsa ya ce rana ba ta faɗi ba tukuna. A nan kan ciyawa na ɗaure batir ɗin da kusa. Har gobe haka suke yi Auta, za su duba batir, su duba ko mota na zubar da baƙin mai ko ruwan lagireto, notin taya ya cika ko akwai wanda ya ɓace, bel ɗin kujera na kamawa, tayoyin ba su cinye ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun Alhamis ka duba duk wannan da kanka, ka kwashe duk tarkacen da ke cikin motar, littattafai, gorar ruwa, cajar waya, har tabarmin ƙafa na gefen direba ka cire shi don yana iya zamewa ya danne totur ko ya shige ƙarƙashin birki. Ka sa dogon wando da takalmi rufaffe, kar ka je min da silifas. Hular kwano a dokar NHRA sai motar da ke gama kwatan mil ɗin a sakan 13.99 ko ƙasa da haka ake tilasta wa, taka mai silinda huɗu wajen sakan 16 za ta yi, amma wasu filayen kowa suke sa wa dole, kuma ni Baffanka na tilasta maka, ka ara ko ka yi haya.

Da na gama batir na ɗauka shikenan sai layi. Malam ya ce a'a, ajiye makulli. Ya tasa mu gaba da ƙafa ta hanyar da motoci ke dawowa, muka yi ta tafiya a bayan shinge har muka wuce layin ƙarshe, muka ci gaba, ya nuna mana doguwar shimfiɗar da aka bari don rage gudu, da mashigar farko da ta biyu inda ake karyawa a fita, da ramin yashi can ƙurya na wanda birki ya ƙi. Ya ce kowa ya san inda ake tashi, ku na kawo ku ku ga inda ake tsayawa. Wallahi Auta tsigar jikina sai da ta tashi, na ga shamaki tsaye a Ƙofar Kudu da rawaninsa mai datti yana jan layi da ƙafa, mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, ɗaya bai san ko harafin boko ba ɗaya bai taɓa taɓa doki ba, magana ɗaya a bakinsu.

Sai ya zaunar da mu a benci kusa da wurin tashi ya ce mu kalli mota ashirin kafin mu motsa. Kai ma haka za ka yi, kar abokai su ingiza ka layi daga isowa. Za ka ga kafin wurin tashi akwai wani wuri da ake jiƙawa da ruwa, masu taya sulɓi irin ta tsere su ke shiga su murza taya ta yi hayaƙi don ta yi zafi ta kama ƙasa. Wannan ba naka ba ne. Tayar titi tana da zane, za ta kwashi ruwa ta ɗigar da shi a layin tashi, kai ka yi santsi na bayanka ma ya yi, kewaye shi za ka yi. Don wannan dalilin ne kuma za su ce ka kashe esi tun kana cikin layi, ruwan da yake ɗigarwa a ƙasa, ka ɗaga gilas duka ka ɗaura bel.

Sannan danjar, wadda suke kira bishiyar Kirsimeti. A can sama akwai ƙananan fitilu hawa biyu, a ƙasa kuma zaren haske biyu ne suka gitta hanya, tsakaninsu bai fi inci 7 ba. Ka taho a hankali kamar mai shiga zauren surukai, tayar gaba ta taɓa zare na farko fitilar sama ta kama, ka tsaya ka numfasa, ka ɗan ƙara gaba kaɗan ta biyu ta kama, toh ka shirya kenan kar ka ƙara ko taku. A daren nan na ga wani yaro ya wuce da tayar gaba gaba ɗaya yana neman fitila da tayar baya, sai da mai kula da layi ya zo ya buga masa gilas ya mayar da shi. Daga nan fitilu ruwan ɗorawa za su sauko ɗaya bayan ɗaya, rabin sakan tsakani, a lokacinmu biyar ne yanzu uku, sai kore. Masu wasan za su ce maka ka tashi da ganin ruwan ɗorawa ta ƙarshe, domin kafin ƙafarka ta ji kafin motar ta motsa kore ta riga ta kama, in kuma ka riga ta, jar fitila ce za ta kama ka faɗi tun ba a je ko'ina ba. Gaskiya ne. Amma abin da ba za su gaya maka ba, agogon da ke auna gudunka ba ya fara lissafi sai tayarka ta bar zaren nan, ko sakan uku ka yi a tsaye bayan kore lokacin motarka bai canza ba. Saboda haka zagayen farko ka bar na kusa da kai ya tafi abinsa, ka jira kore ka gan ta da idonka, sauri ya kan haifi nawa.

Taka otomatik ce, ka bar ta a D kar ka ce za ka yi wasa da giya, ƙafar hagu a birki ta dama ta ɗan ɗaga injin kaɗan, in lokaci ya yi ka saki birki ka taka totur da nutsuwa har ƙasa, ba duka ɗaya kamar mai kashe kunama ba. Kuma da tayar gaba take ja, in ka ji gaban motar na tsalle yana bugawa daf daf daf ka ɗaga ƙafa nan take, wannan tsallen shi ke karya shaf, ƙarfen da ke juya taya, na gyara irinsu ba adadi. Iskar tayar gaba in 32 kake sawa ka iya ragewa zuwa 28, amma ka mayar kafin ka hau titin gida. Tsakanin zagaye da zagaye ka buɗe bonet ka bar ta ta huce, motar makaranta ce ba a yi ta don wannan ba, kuma ka sani yawancin inshora ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere, in ta lalace daga aljihun Abbanka ne, shi da ba ka son ya sani. In ka ji wata ƙara ko ka ga hayaƙi ko motar ta fara karkata, ɗaga ƙafa, ka raɓa gefe ka tsaya, kar ka ja ta har ƙarshe kana zubar musu da mai a hanya. Kuɗi kuma ko dala ɗaya kar ka sa a kai, caca ce, ka san hukuncinta.

Na koma labarina. Zagayen farko ban san ma yadda ya wuce ba, na dai karanta Subhanallazi sakhkhara lana haza kamar yadda aka koya mana tun a kan doki, na ga kore na tafi, na karɓi 'yar takardar da suke bayarwa a rumfar hanyar dawowa hannuna na rawa, sakan 18 da ɗoriya. Na biyu ya ɗan fi. Malam ya karɓi takardar ya sa guntun yatsansa a kan lambar da ke nuna lokacin da na ɗauka a ƙafa 60 ta farko ya ce nan kaɗai za ka duba, sauran aikin injin ne, nan ne aikinka. Sai na uku, dare ya yi an kunna fitilun fili, sanyin kaka ya fara sauka, aka haɗa ni da wani saurayi mai jar Ford, ni a layin hagu shi a dama, mashigar fita kuma tana hannun dama. Na tashi da kyau, Allah ya sa shi tayarsa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, na duba gefe ban gan shi ba, na tsallake layin ƙarshe ni ne a gaba. Auta ban san yadda zan kwatanta maka abin da ya cika min ƙirji ba, ɗan Kano a ƙasar mutane, shekara guda ana kallona kamar ban san komai ba, yau na wuce ɗan gari. Na taka birki da ƙarfi, na hango mashigar farko ta taho, na karya sitiyari dama.

Doka ita ce wanda ke layin da ke kusa da mashiga shi ke fara fita, na ɗaya layin ya jira ko da shi ya yi nasara, ba ka gitta gaban mutum sai ka gan shi da idonka. An gaya min wannan awa biyu kafin nan, a tsaye a daidai wurin. Yaron nan ya taso daga baya da gudun da ya fi nawa nesa ba kusa ba, don motarsa ta fi tawa ƙarfi tashi ne kawai ya ɓata masa, ni ban ji komai ba sai wata iska da jan abu ya gifta ta gaban bonet ɗina, tazarar ba ta kai tsawon hannu ba, na ji ƙarar tayarsa yana kaucewa, motarsa ta yi rawa hagu da dama kafin ya shawo kanta can gaba kusa da yashi. Da na ƙara rabin sakan a karyawar nan da gefen motata zai shiga, ni da shi duka, da ba a haifi yayyenka ba. Na tsaya a hanyar dawowa na kashe mota na kifa kai a sitiyari, ƙafata ta dama tana kaɗawa ita kaɗai na kasa tsayar da ita.

Saurayin ya zo ya yi ta faɗa fuskarsa ta yi ja, yana da gaskiya, na ba shi haƙuri. Malam kuwa da ƙafa ya tako tun daga benci, ya buɗe ƙofa ya zare makullin ya sa a aljihu, ya zauna a gefena mun fi minti goma bai ce uffan ba. Daga ƙarshe ya ce, ka ci tseren sai ka ɗauka an gama. Shi ya tuƙa ni gida. Shamaki yakan ce mana doki bai cika kayar da mai tsoro ba, mai murna yake kayarwa, sai a daren nan na gane abin da yake nufi, shekara tara bayan na ji ta.

Na koma filin bayan wata guda, da umarnin malam, na yi ta zuwa har na gama karatu, ban sake gitta layin kowa ba. Amma Alhaji kakanku bai taɓa sani ba. Duk wasiƙar da nake aikowa gida karatu lafiya, sanyi ya yi yawa, a gaida su Inna. Na ce in na dawo zan ba shi labari baki da baki, mutumin da ya san dawaki zai gane, har na adana takardun lokacin nan a cikin littafi don in nuna masa. Ya rasu saura wata biyar in dawo. Takardun suna nan a akwatina har yau sun yi ja, kuma abin da ya fi damuna ba wai na ɓoye masa wasa ba ne, a'a, da a ce a daren nan abin ya faru, da sai dai wani baƙo ya buga waya ofishin jakadanci a zo a gaya wa tsoho ɗansa ya mutu a wurin da bai taɓa jin sunansa ba, yana yin abin da bai san yana yi ba, babu addu'arsa a kai. Ku yaran yanzu komai kuna sawa a waya duniya ta gani, mutum dubu za su san inda kake daren Juma'a amma ban da wanda ya haife ka, wannan abu na kasa gane shi.

Ni dai ba zan kai ƙararka wajen Abbanka ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba in ya tambaye ni. Ƙanina ne, na san shi, zai yi faɗa na kwana biyu, tun yana yaro tsoron doki yake ji ko kusa da turke ba ya zuwa, amma bayan la'asar in ya dawo daga kasuwa ya sha shayinsa ya fi saukin magana, lokacin ku safiya ce a can.

Wa zai raka ka ma tukuna? Cikin abokan nan naka akwai wanda ya girme ku, wanda ya daɗe yana zuwa, ko duk sa'anninka ne? In babu, ka je wajen masu duba mota ka ce musu yau ne farkonka, suna da kirki da sabon shiga, za su nuna maka komai har mashigar fita, ka tambaye su ta wane hannu take. Ka yi magariba kafin ka shiga layi. Sannan gobe da safe ka ɗauko min hoton tayoyinka huɗu, ta gefe inda aka rubuta DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar, ina so in gani da idona, don motar hannu ka saya kuma ban yarda da wanda ya sayar maka ba. Hajiya na gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna.